Siffofin ikkilisiya nawa zan koyar a mako shida, kuma da wacce zan fara?

Malamin Matasa:

Salama a gare ku ƴan'uwa. Dattawan ikkilisiyarmu a nan Maradi sun ɗora mini ajin masu shirin baftisma, mako shida, kowace Lahadi da yamma, minti 45. Kan maganar shi ne "Mece ce ikkilisiya?" Mutum 24 ne a ajin. Kusan rabi ba sa karatu. Waɗanda suka yi lakwal suna riƙe da Littafi na Faransanci, sauran na Hausa. Akwai matan aure, akwai samari, akwai mutum biyar da suka fito daga gidajen da ba na Kirista ba.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ma'anar ikkilisiya a jimla guda ba, misalai yake bayarwa: jiki, amarya, haikali, garke, kurangar inabi, iyali, gishiri, fitila. Guda nawa ya kamata in ɗauka? Wacce zan sa gaba? Kuma a ina malamai suka fi zamewa? Ba na so in jibga musu misalai su fita a ruɗe.

Dattijon Tsibiri:

Sannu da aiki, Malam. Da farko ka cire rai daga ƙure su. Wani masani ɗan Amurka, Paul Minear, ya bi Sabon Alkawari a 1960, ya ƙirga irin waɗannan siffofi har 96. Biyar sun ishe ka, mako na shida ka bar shi don maimaitawa.

Abin da zai tsare ka daga ruɗu shi ne ka riƙe cewa kowace siffa magani ce da aka ba wata jama'a saboda wani ciwo da ke damunta. Kafin ka ce ikkilisiya jiki ce, nemo wa aka faɗa wa, me ya same su. In ka gane ciwon, ka gane inda misalin ya tsaya, ba za ka ja shi ya wuce iyakarsa ba.

Ga jerin da nake ba da shawara. Mako na ɗaya, jama'ar Allah, 1 Bitrus 2:9-10 tare da Fitowa 19:5-6, domin su ga abin ba jiya ya fara ba. Na biyu garke, na uku jiki, na huɗu haikali, na biyar amarya.

Minti 45 ɗin ka raba shi haka. Minti 5 addu'a da waƙa. Minti 10 karatu: nassi guda ɗaya, kada ya wuce aya 16, a karanta shi sau biyu da muryoyi biyu, saboda wanda ba ya karatu a karo na biyu yake kamawa. Minti 10 ka faɗi su wane ne aka rubuta wa da abin da ya faru. Minti 15 tambayoyi uku, kowane mako su ɗin dai: Wane ne Almasihu a cikin wannan misali? Su wane ne mu? Me misalin ya hana mu yi? Minti 5 na ƙarshe ayar haddacewa guda ɗaya. Rubuta sunan littafin a allo da Hausa da Faransanci. Masu tsohuwar fassara za su ga Ru'ya ta Yohanna inda sabuwa ta ce Wahayin Yahaya, kuma a yawancin bugun Faransanci lambar aya a Zabura takan wuce ta Hausa da ɗaya. In ba ka gyara wannan tun farko ba, minti biyar za su tafi a neman shafi.

Bari in daɗe a kan jiki, domin nan aka fi yin ɓarna. Nassinka 1 Korantiyawa 12:12-27. Bulus ya rubuta wasiƙar daga Afisa zuwa ga jama'ar da ta rarrabu: wani na Bulus, wani na Afolos, wani na Kefas, wato Bitrus (1:12). Wajen Jibin Ubangiji mai hali yana ƙoshi, talaka yana yunwa (11:21). Ga kuma gasa a kan baye-baye. A cikin nassin akwai ƙorafi iri biyu, kuma malamai da yawa ɗaya kawai suke koyarwa. A aya 15 ƙafa ce ke cewa tun da ni ba hannu ba ce, ba na cikin jiki. Wannan raina kai ne. A aya 21 ido ne ke ce wa hannu ba na bukatarka. Wannan girman kai ne. A ajinka na farkon zai fi yawa: wadda ba ta karatu tana ganin ikkilisiya ta masu boko ce. In ka tsaya kan tsawata wa masu girman kai kaɗai, ita ba ka taɓa ta ba. Kai su har aya 22, inda gaɓoɓin da ake gani raunana su ne ba makawa sai da su.

Kuskure na biyu ya fi haɗari. A 1 Korantiyawa 12:21 kai gaɓa ce kamar sauran gaɓoɓi, shi ma ba shi da ikon ce wa ƙafa ba ya bukatarta. A Afisawa 1:22-23 da Kolosiyawa 1:18 kuwa, kai Almasihu ne shi kaɗai. Mai haɗa wuraren nan ba da lura ba yakan ƙare da cewa fasto ne kai, dattawa wuya, sauran jama'a ƙafafu. Babu nassin da ya faɗi haka. Afisawa 4:11-12 ya sa aikin shugabanni shi ne shirya tsarkaka domin su yi hidima. Kuma kada ka shiga rarraba wa mutane gaɓoɓi, wane ido ne, wance kunne. Dariya za a yi, wani kuma ya tafi gida da ɓacin rai.

Haikali ya fi sauƙi, muddin ka raba 1 Korantiyawa 3:16-17 da 6:19. Na farko jama'a gaba ɗaya ce haikalin, kuma gargaɗin yana kan mai raba ta. Na biyu jikin mutum ne a zancen fasikanci. Nassin ajinka Afisawa 2:11-22, inda aka rushe katangar da ta raba Bayahude da al'ummai, aka gina su gini guda. Abin da ke faruwa shi ne mutane su ji "haikali" su kalli ɗakin sujada. Nuna musu cewa masu bi na farko a gidaje suke taruwa (Romawa 16:5, Kolosiyawa 4:15, Filimon aya 2), haikalin Urushalima kuwa Romawa sun rushe shi a shekara ta 70. Manyan ajin suna tune da majami'un da aka ƙone a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da wadda aka ƙone a nan Maradi a Yunin 2019. In ka ambata, ka tsaya kan abu guda, cewa gini ne ya ƙone, ba ikkilisiya ba. Kada ka bari ajin ya koma zancen su wa suka yi.

Mama Zumunta:

Baba ya yi bayani, sai dai ban yarda da jerin ba. Ajin da ke da mutum biyar daga gidajen da ba na Kirista ba, a ce babu darasin iyali? Ɗana, haɗa jama'ar Allah da haikali a mako guda, tun da 1 Bitrus 2:4-10 ya riƙe su biyun a wuri ɗaya, ka buɗe wa iyali gurbi. Ni da shi ma zan fara, domin tambayar da ke zuciyar waɗannan biyar ita ce: in gida ya juya mini baya, wa nake da shi?

Karanta Markus 3:31-35 da 10:29-30, sa'an nan 1 Timoti 5:1-2, inda aka ce a ɗauki dattijo kamar uba, tsohuwa kamar uwa, samari kamar ƴan'uwa, ƴan mata kamar ƙanne da dukan tsarki. Wannan kalma ta ƙarshe ka faɗe ta a fili a gaban samari. Abu biyu ke lalacewa a nan. Na ɗaya, sabon mai bi ya ɗauka an ce ya yar da iyayensa. Ba haka ba ne, Markus 7:9-13 ya tsauta wa masu fakewa da addini su ƙi kula da iyaye, kuma 1 Timoti 5:8 ya fi haka zafi. Ya ci gaba da gaishe su, da kai musu abin da ya samu, da zuwa suna da ta'aziyya. Na biyu, a ji "iyali" a ɗauka asusun ikkilisiya rumbun kowa ne. Babi na 5 ɗin nan ya tsara abin dalla-dalla: dangi ne ke fara ɗaukar gwauruwarsu, ba a sa mace a jerin sai ta kai shekara 60 da shaidar kirki, domin ikkilisiya ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa (aya 9 zuwa 16). Ƙara 2 Tasalonikawa 3:10 a kai. Wani abu kuma: da zarar ka ce "ƴaƴan Allah", karanta Yahaya 1:12-13 nan take, a ji cewa ba haihuwa ta jiki ake nufi ba. Ka san garin da muke ciki, maganar za ta fita waje, gara ta fita daidai.

Amarya kuwa, ita ta fi son hankali, shi ya sa na yarda da Baba a bar ta ƙarshe. Samari za su yi dariya su ce su ba mata ba ne. Amsar ita ce babu mutum guda da yake amaryar, jama'ar ce dukanta. Bulus ya rubuta wa ikkilisiyar Koranti maza da mata cewa ya yi musu alkawarin miji guda (2 Korantiyawa 11:2), kuma abin da yake tsoro a aya 3 da 4 shi ne masu kawo wata koyarwa dabam. To, zancen aminci ne. Tushensa yana Yusha'u 1 zuwa 3 da Ishaya 54:5, inda bautar gumaka ta zama cin amanar aure. Ezekiyel 16 da 23 ma suna kan wannan, amma ba na ajin da ke da yara da matan mutane ba ne, karanta su kai kaɗai a gida.

Nuna musu lokacin da muke ciki. A Korantiyawa an yi alkawari, a Wahayi 19:7-9 ne ake biki. Mu muna tsakanin sa rana da kai amarya. A wurin Yahudawa wannan alkawari yana da nauyi ƙwarai, shi ya sa Yusufu ya yi tunanin rabuwa da Maryamu a asirce tun ba ta tare ba (Matiyu 1:18-19). Kada a kawo zancen kishiya ko da wasa, a ce wannan ɗarika uwargida ce, waccan amarya. Amarya ɗaya ce. In kuma ka buɗe Afisawa 5, fara daga aya 21, ka kai 33. Mai farawa daga 22 ya tsaya a 24 ya mai da darasin ikkilisiya bulalar dukan mata, alhali aya 25 ta ɗora wa miji kaya mafi nauyi, aya 32 kuma ta faɗi ainihin abin da ake zance a kai.

Malamin Matasa:

Na gode Baba, na gode Mama. Zan bi jerin Mama: iyali, garke, jiki, haikali da jama'ar Allah, amarya. Saura abu biyu. Samari ba sa son a kira su tumaki, suna cewa tunkiya ba ta da wayo, sai bi. Yaya zan bi da wannan? Kurangar inabi kuma, galibinsu ba su taɓa ganin itacen ba. In bar ta ke nan?

Mai Garka:

Kada ka ba ta mako, Malam, amma ka sa ta minti goma a ranar jiki, don tana rufe giɓin da jiki ya bari. Jiki yana koyar da yadda muke bukatar juna, Yahaya 15:1-8 yana koyar da inda rai ke fitowa. Reshe ba ya shan ruwa daga reshe, daga gindi yake sha.

Rashin ganin inabi ba matsala ba ne, domin aikin da ake yi a nassin kowane manomin Maradi ya san shi. Sassabin zamani da ya bazu daga yankin nan tun shekarun 1980 haka yake: kututture ya tofo da tsiro da yawa, ka zaɓi ƙarfafa, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran, waɗanda ka bari ma ka rage musu rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi. A aya 2 sara iri biyu ne. Akwai reshen da aka cire domin ba ya ƴaƴa, akwai wanda aka gyara domin yana yi, a ƙara masa. Mutane sukan haɗa su, duk wanda wahala ta same shi sai ya ce an yanke shi. Raba musu. Kuma mai wuƙar Uban ne (aya 1), ba dattawa ba, don haka ba a fitar da mutum daga zumunta da wannan aya. Hanyar horo tana Matiyu 18:15-17, mataki uku kafin a kai ƙarshe.

In wani ya tambayi zaitun na Romawa 11:17-24, lura da wannan. Mai yi wa mangwaro aure yana ɗauko reshen iri mai kyau ya ɗaura a kan gindin na gida mai jure wahala. Bulus ya juya abin: reshen jeji aka ɗaura a kan gindi mai kyau, shi da kansa ya ce saɓanin yadda aka saba ne (aya 24). Manomi a ajinka zai ce ba haka ake yi ba, ka ce masa ya yi gaskiya, nan ma'anar take. An rubuta shi don kada masu bi daga al'ummai su yi wa Yahudawa fahariya (aya 18).

Dattijon Tsibiri:

Mama ta fi ni gaskiya a kan iyali, bi nata.

Zancen tumaki, samarin sun ji rabin magana ne. A Yahaya 10:4-5 tumakin suna bin makiyayi saboda sun san muryarsa, baƙo kuwa gudunsa suke yi. Wannan rarrabewa ce, ba wauta ba. Tambaye su: tunkiyar da ke bin duk wanda ya yi fito, da wadda ta san mai ita, wacce ake yabo a nassin? Daga nan ka kai su ga mutanen Biriya da suke bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11).

Nauyin misalin ma ba kan tumaki yake ba, kan makiyaya yake. Ezekiyel 34:1-10 ƙara ce a kan shugabannin da suke cin kitse, suna sa ulu, ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemo wadda ta ɓace ba. Yawanci a nan ake tsayawa. Ci gaba zuwa aya 17-22, inda ƙosassun tumaki ke tattake ciyawa, suna gurɓata ruwa da ƙafa, suna tunkuɗe raunana. Ba wanda ya kuɓuta, shugaba da mabiyi.

Sai mallaka. Sau uku aka ba Bitrus kiwo a Yahaya 21:15-17, kowane karo na Yesu ne garken. Ayyukan Manzanni 20:28 da 1 Bitrus 5:2-4 haka suka tafi: garken Allah ne, a yi kiwonsa ba don ƙazamar riba ba, ba da nuna iko ba, akwai Babban Makiyayi da za a ba lissafi. Kowa a ajin ya san makiyayin da ake ba dabbobin unguwa da safe ya dawo da su da yamma, bai isa ya sayar da ko ɗaya ba. Shugaban da ke cewa "tumakina" da "an sace mini tumaki" ya manta matsayinsa. Kada ka yi ƙoƙarin daidaita yadda Yesu ya zama ƙofa a aya 7 kuma makiyayi a aya 11. Misalai biyu ne a jere, kowanne da nasa aiki.

Katekis:

Gaisuwa ga Baba da Mama. Ni daga ɓangaren Katolika nake, ga abin da zan ƙara. Wannan hanya ta koyar da ikkilisiya ta siffofi mu ma ita muke bi. Takardar Lumen Gentium ta Majalisar Vatikan ta Biyu, 1964, ta jera garke, gona, gini da amarya a sashe na 6, jiki a sashe na 7, ta ba jama'ar Allah babi na biyu sukutum.

Inda za a yi maka tambaya shi ne harsashi. A 1 Korantiyawa 3:11 Almasihu ne harsashin, ba wani. A Afisawa 2:20 manzanni da annabawa ne, Almasihu dutsen kusurwa. A Wahayi 21:14 harsashi goma sha biyu ne da sunayen manzanni. Mai kaifin kai zai ce Littafi ya saɓa wa kansa. Bai saɓa ba: a wuri na farko ana zancen maginan da ke gasa, a na biyu ana zancen shaidar da aka gina jama'a a kanta. Matiyu 16:18 kuwa, a nan muka bambanta. Mu muna ganin Bitrus ne dutsen, da hidimar da ta ci gaba a magadansa, yawancin ikkilisiyoyin bishara suna ganin shaidar da ya yi ce ko Almasihu kansa. Koyar da matsayin ikkilisiyarku, ka faɗi na wasu yadda su da kansu za su yarda haka suke cewa. Minti uku ya isa.

Siffar soja ban ga an ambata ba, kuma matasa suna sonta. In ta taso, Afisawa 6:12 za ka fara karantawa kafin kayan yaƙin, a ji cewa kokawar ba da nama da jini ba ce. Haɗa ta da 1 Bitrus 2:11-17 da Irmiya 29:7, baƙi masu neman lafiyar garin da suke zaune, masu girmama kowa.

Mama Zumunta:

Mako na shida kada ka yi musu jarrabawar takarda, rabin ajin za su ji kunya. Raba su rukuni huɗu, mutum shida-shida, kowane rukuni da mai karatu aƙalla guda. Ba kowanne matsala ɗaya da baki: an kori yarinya daga gida saboda bangaskiya, mawaƙa sun ce in ba su, ba sujada, wani mai wa'azi ya zo unguwa yana karɓar kuɗi kafin addu'a, iska ta kwashe rufin ɗakin sujada a farkon damina. Minti 10 su tattauna wace siffa ce ta amsa matsalar da ayar da suka haddace, kowane rukuni minti 5 ya faɗa a gaban aji. Hakan ya cinye minti 30. In rukuni ya kawo siffar da ba ita ka yi tsammani ba, tambaye su dalili kafin ka gyara, don matsalar mai wa'azin nan garke na amsa ta, amarya ma na amsa ta. Minti 15 da suka rage ka gayyato dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su amsa tambayoyin ranar baftisma: ƙarfe nawa, a ina, wane kaya za a zo da shi na canji, da wanda zai raka waɗanda danginsu ba za su zo ba.